Inna, Ruwan Moɗa Ko Na Rafi?

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi irin na ɗiya ga uwa. Ina fatan kina lafiya a inda kike. To kin gani, tun a gaisuwa na yi tuntuɓe, don inda kike ɗin nan shi ne ya hana ni zama wuri ɗaya. Sai shiga da fita nake yi kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Bayan haka, albishirinki. Rahila autata ta haihu, mace, an sa mata sunanki. Ba mai iya kiran sunan a gabana, sai dai Inna Ƙarama. Goshinki ta ɗauko, da bakin nan naki mai shirin baƙar magana. Sai dai bakwaini ce, ba ƙwari. Tafin hannuna ya kusa rufe bayanta, nono ma sai an lallaɓa ta.

Ba ki san mijin Rahila ba. Bitrus sunansa, ɗan Katolika ne, yaro mai kunya, ko kallon idona ba ya yi. A nan Sabuwa suka haɗu, bayan 'yan bindiga sun tashe mu daga ƙauyenmu na bayan Damari. Da na ba shi ita mutanen cocinmu sun yi ƙananan maganganu, na ce ai tuwo ba ya tambayar cocin wanda zai ci shi.

Yanzu ga shi tuwon ya tambaya. Fada, limamin cocinsu, zai zo ran Lahadi, kuma da halin da hanya take ciki, in ya tafi ba wanda ya san ranar dawowarsa. Bitrus ya nace a kai jaririyar a yi mata baftisma tun tana numfashi. Rahila kuwa tana ɗakina wankan jego, ta rantse in aka ɗiga wa ɗiyarta ruwa a goshi ba ta komawa gidansa. Ta ce baftisma ba wankan jarirai ba ce, sai mutum ya girma ya buɗe baki ya ce ya ba da gaskiya, sannan a nutsar da shi. Kullum yaron nan sai ya zo da itacen wanka a ka, ya ajiye a ƙofa, ya durƙusa, ya tafi da ido jajur. Dukansu biyu ni suke jira in yanke.

Ni kuwa da na dubi jaririyar, ke nake gani.

Kin tuna shekarar da kika ce kin gaji da yanka wa bishiyar kuka baƙin zakara? Kin fasa tukwanen giyarki da kanki, kika ce a kira Fasto. Ya zo yana murna har yana tuntuɓe da turmi. Sai dai rani ne, rafi ya ƙafe, yara na tonon rairayi kafin su cika tulu. Ya ce ki yi haƙuri damina ta sauka, a nutsar da ke yadda aka nutsar da Almasihu.

Katikis, mai koyar da addini na Katolika, ya ji labari, ya tako har zaurenmu, ya ce moɗa ɗaya ta isa. Kika kalle shi sama da ƙasa kika ce, "Zunubin shekara saba'in, moɗa ɗaya? Ko ƙwaryar fura ba ta wankuwa haka." Har shi sai da ya yi dariya.

Kika zauna jiran ruwa. Kowace safiya ki leƙa gabas, ki ce hadarin nan ya fi surukin banza nawa. Zazzaɓi ya riga shi isowa. Ranar da aka yi ruwan shuka, ƙasar kabarinki ba ta gama kwanciya ba.

Tun daga nan nake yawo da tambayata kamar mai tallan da ba a saye. Fasto ya ce in kwantar da hankalina, ba ruwa ke ceto ba, bangaskiya ce, ai ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai ga rafi ba. Ya ce kin tsira, tabbas. Na ce to bari in riƙa yi miki addu'a. Ya ce a'a, wanda ya tafi an rufe littafinsa. Katikis kuma ya ce wanda ya mutu yana marmarin ruwan, Allah ba ya mance marmarinsa, amma kada in ce tabbas, tabbas na Allah ne, in dage da yi miki addu'a. Kin ji fa. Wannan ya ba ni tabbaci ya hana ni roƙo, wancan ya ba ni roƙo ya hana ni tabbaci. Ni kuma kin san ni da kwaɗayi, duka biyun nake so.

In Fasto ya tambaya a coci wa ya tabbata in ya mutu yau zai ga Ubangiji, ina ɗaga hannu da sauri, har 'yan zumuntar mata suna ce mini mai tikitin Aljanna. Amma da kin faɗo mini a rai, sai in ji hannun ya yi nauyi.

Hajiya Mairo maƙwabciyarmu, da ta gaji da jin mu ta kan katanga, ta ce ita dai ba ta gane ba, yarinyar da ake yi wa wanka safe da yamma har wani ruwa ya rage mata? Na ce Hajiya bar mu, rigimar gado ce.

Jiya da safe ina watsa wa Rahila ruwan zafi da ganye, na ga ba ta da hanyar gudu, sai na faɗa mata. Na ce ban san wanda ya fi gaskiya tsakanin Fada da Fasto ba, karatuna na yaƙi da jahilci bai kai nan ba. Amma na taɓa zama jiran damina da Inna ɗaya, ba ni da ƙarfin zama da ta biyu. Ran Lahadi zan goya jaririyar in kai ta wurin Fada. In Allah ya raya ta, ta girma ta ce rafi take so, ko da sanda nake tafiya ni zan riƙe mata zane a bakin ruwa. Na san Fada zai ce sau ɗaya ake yi, Fasto zai ce na farkon wanka ne. Su je su sasanta, ai maza ne masu takalma.

Rahila ta yi kuka, ta ce na haɗa kai da mijinta. Ko kunun kanwa ba ta sha ba. Sai da rana ta yi sanyi ta ce da ni, ba ta ko dube ni ba, "In dai za a kai ta, ni zan riƙe ta, kada su zuba mata a kunne." Ba ta ce ta yarda da koyarwarsu ba. Ba ta kuma sake maganar ƙin komawa ba. Da Bitrus ya kawo itace na gaya masa, sai ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Na san dattawan coci za su sa ni ƙarƙashin horo, in koma bencin baya. Ba komai, can ya fi iska, kuma mutum na iya gyangyaɗi ba a gani. Abin da ke cin raina shi ne Lahadi ta yi nisa, yarinyar nan kuwa numfashinta kamar na ɗan tsako. Kowace mota ta wuce sai na fita in tambayi labarin hanya.

Yanzu Fasto ya toshe kunnensa, zan yi abin da ya hana. Ya Ubangiji, kai da ka riƙe ruwan shekarar nan a hannunka, ka san ba ita ta ƙi zuwa ba. Ka ji ƙan uwata, ka sa tana inuwarka. Ka buɗe wa Fada hanya, ka kau da masu bindiga daga kanta. Ka bar mana wannan ƙaramar ta yi ƙiba, ta yi baki, ta girma har ta zo ta ce mini ban yi daidai ba. Amin.

Ki huta lafiya, Inna.

Ɗiyarki da ba ta jin magana,
Laraba