Waɗanda Ba Su Kai Suna Ba

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Na dawo Kazaure daga Roni jagab, ruwa ya dake ni a kan mashin. Saura Gwiwa in gama zagaye. Wata guda ke nan ina bin ungozomomi, ina rubuta abin da suke so manhajar rajistar haihuwa ta yi musu, don Mu'azzam da yaransa a Kano su gina. Alhamis ta sama Alhaji Kaumi, shugaban ƙungiyar da ta ba mu aikin, zai sa hannu a takardar buƙatu. Daga ranar an rufe ƙofa, ko wasali ba mai ƙarawa. Kowa da nasa burin. Wata a Babura cewa ta yi manhajar ta riƙa kira mata mai mashin in an tashi aiki.

Laraba, 4 ga Satumba

Gwiwa. Adda Rahamatu, babbar ungozomarsu, ta gwada samfurin manhajar da su Mu'azzam suka fara turowa a gabana, don an haihu da hantsi, namiji. Ta cika sunan uwa, nauyi, lokaci. Gurbin sunan jariri ya yi jawur, ya ƙi wucewa.

"Ƙanwata, yaron da ko wanka ba a gama masa ba, ina zan samo suna?"

Ta ce tun da aka kawo samfurin sai su jira a yi suna, sannan su shigar. Na ce wanda bai kai ranar ba fa? Ta ce, "Ai ya koma. Wa zai dawo asibiti ya ba ki labari?"

Alhali dalilin manhajar gaba ɗaya shi ne a san jarirai nawa ke rasuwa a makon farko. Su ne kuma ba za su taɓa shiga ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko tuwon Adda ban iya ci ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na kira Mu'azzam. Ya ce komai a kan sunan nan aka ɗora shi, bincike, katin rigakafi, rahoto. Taɓa shi kamar zare azara ne daga ɗaki. "Su rubuta Jariri mana, Sadiya." Na ce to mu tara Jariri ɗari a Roni kaɗai, ka nemo min wanda aka yi wa allura. Ya yi tsaki, ya ce ban san wahalar gini ba. Gaskiya ne ban sani ba. Amma sai gyaran nan ya shiga takardar buƙatu.

Asabar, 7 ga Satumba

Na rubuta buƙatar da Hausa tsantsa, yadda ba mai cewa bai gane ba: a rataya jariri a jikin mahaifiyarsa da lamba, suna ya biyo daga baya ko kada ya biyo. Sabiru ya leƙa allon kwamfutar, ya karanta, ya ce, "Kin tabbata aikin nan ba zai taɓa ki ba?" Na ce aiki ne kawai. Maigida ke nan, komai sai ya tono.

Litinin, 9 ga Satumba

Mu'azzam ya ce in Alhaji ya yarda a ƙara lokaci zai yi, in bai yarda ba in daina cika masa waya.

Talata, 10 ga Satumba

Ofishin Alhaji Kaumi. Na durƙusa na gaishe shi, na yi bayani dalla-dalla. Mutum ne mai son abu ya ƙare a kan kari, yana sauraro yana juya biro.

"'Yata, ai uba yana huɗuba tun ranar haihuwa. Suna akwai shi. A tambaye shi."

Na ce, ranka ya daɗe, uban yana gona ko kasuwa, kuma ko yana tsaye a bakin ƙofa ba zai faɗa wa ma'aikaciya abin da bai faɗa wa dangi ba. Ya ce jinkiri zai jawo masa surutu daga sama. Har ya fara tattara takardu.

Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Na ce, "Baba, a gafarce ni, naka duka sun kai suna?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce akwai ta fari, mace, a Kanya Babba, da daɗewa. Sai ya dube ni ya ce, "Ke fa?"

Na ce bara waccan. Namiji. Iyakar abin da na iya ke nan. Bai ce komai a kan takardar ba, ya ce in gaida gida.

Laraba, 11 ga Satumba

Shiru. In ya ƙi, zan sake komawa da safe kafin taro, ko da zai kore ni.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ya sa hannu, da buƙatar tawa a ciki. Ya ƙara wa su Mu'azzam mako uku. A gaban kowa cewa ya yi rahoton zai fi inganci, shi ke nan. Mu'azzam ya turo min saƙo wai na ci, amma shi ne zai kwana a ofis. Na kira Adda, ta rangaɗa min guɗa a waya har kunnena ya yi zafi.

Laraba, 2 ga Oktoba

Sabon samfuri ya iso, an ce in gwada da bayanan ƙarya kafin a kai Gwiwa. Na fara da sunayen da na saba ƙirƙira, duk sun wuce lafiya. Daga nan na tsinci kaina ina rubuta nawa a gurbin uwa. Ranar, lokacin, nauyinsa, ashe ban manta ko ɗaya ba. Na bar gurbin suna fayau, na danna.

Ya karɓa. Ya ba shi lamba.

Mu'azzam ya ce in goge bayanan gwaji kafin yamma. Na goge sauran.