Keken Baba Da Na Lulluɓe Da Leda

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kuma sauƙaƙa maka aiki da zaman baƙunta. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma kan keken ɗinkinta. Goggo ta zo ta kwana biyu, ta ce wai na rame, karatun littattafan soyayya ne ke cinye ni.

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa maka a waya. Maganar keken marigayi Baba ce, wanda ka bar mini amana. Ka san ni da ɗaukar abu da zafi. A littattafan da nake karantawa, idan mutum ya yi tafiya, wadda ya bari takan riƙa kula da kayansa kullum. To ni ma sai na riƙa wanke keken duk safiya da ruwa da sabulu, ina gamawa in lulluɓe shi da babbar leda tun bai bushe ba, wai kada ƙura ta taɓa shi. Daga baya jarrabawa ta ɗauke mini hankali, na yi wata biyu ban buɗe ba. Ranar da na yaye ledar, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Sarƙar ta yi ja ta ƙage, ƙararrawa ta daina ƙara, tsatsa har ɓarɓashi take yi. Kwandon gaba da ka sa masa ne kawai yake nan fes.

Mama da ta gani ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Cewa ta yi ba za ta iya kallonsa a haka ba, gara a ba masu sayen tsofaffin ƙarafa ranar Asabar. Na tura shi har shagon Kawu mai walda ina kuka. Ya yi ta dariya, ya ce bai taɓa ganin wanda ya kashe keke da tsabta ba sai ni. Ya ce ƙarfe ba ya son haɗuwar ruwa da iska, ni kuwa na rufe su tare a ɗaki ɗaya. Tsatsa kuma ɓarewa take yi ta buɗe sabon wuri ta ci gaba da ci. Kwandon kuwa na alminiyam ne, shi da kansa yake yi wa jikinsa wata siririyar fata da ke tsare shi.

Kwana huɗu ina zuwa shagon bayan makaranta. Na goge da samfefa har yatsuna suka yi kanta, muka jiƙa sarƙar a kananzir, muka shafa giris, sannan jan fenti na ƙasa, baƙi a sama. Wuri ɗaya kusa da feda ya huje, Kawu ya liƙe shi, tabon yana nan.

Ranar Asabar mai sayen ƙarafa ya zo har ƙofar gida. Mama ta fito ta daɗe tana kallon keken, ta shafa sirdin, ta danna ƙararrawar ta yi ƙara. Sai ta ce wa mutumin ya yi haƙuri, ba na sayarwa ba ne, ta shige ɗaki da sauri. Yanzu yana jingine kusa da gadonta, ita take goge shi da busasshen tsumma. Ka yafe mini, Yaya.

Mama da Goggo da Kawu suna gaishe ka. Ka gaida Anti matarka da ɗan jaririnmu, ka sumbace mini shi.

Ƙanwarka,
Auta