Mai Bin Mijina Bashi Ya Ƙi Faɗin Nawa Yake Bi

Assalamu alaikum Apa Nazmun,

Don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana ya fahimce ni. Sunayen da zan ambata ba na gaskiya ba ne, na canza su don kada in tona asirin kowa.

Mijina Shamsher ya rasu bara, ana tsakiyar kakar rake. Babbar mota gare shi guda ɗaya, da ita yake kai raken mutane injin sukari, da ita ya ciyar da mu har yaran suka girma. Ranar jana'iza ƙaninsa Feroz ya miƙe ya yi shela yadda aka saba, ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo gida. Suka zo kuwa. Mai sayar da tayar mota ya zo, mai kanti ya zo, har wata tsohuwa da ta taɓa ba shi kifi bai biya ba, tana kuka tana cewa ta yafe. Duk na sallame su. Tun muna yara aka karantar da mu cewa ran mutum a rataye yake da bashinsa har sai an biya, kuma ba a raba gado sai an sauke shi.

Mai bin bashi ɗaya ne bai zo ba, wato gwamnati.

Shamsher bai taɓa wasa da haraji ba, sai dai na shekarar da ya rasu bai kai ga shigarwa ba. Ni kuma na shiga takaba, ban taka ko bakin titi ba. Kafin in fita wa'adi ya wuce. Sai ga takardar tara ta zo da sunansa, ana gargaɗinsa da ya gaggauta. Apa, na karanta ta a tsaye, na kasa zama.

Da na je ofishin haraji na garinmu ban gane shi ba. Da can tebur cike yake da ma'aikata. Yanzu mace ɗaya ce, Salanieta, ita ke karɓar mutane, ita ke ɗaga waya, ita ke share ɗakin. Fankar da ke gefenta daga gidanta ta kawo. Mutanen ƙananan tsibirai kan zo da jirgin ruwa, su yini a kan benci da dafaffen rogonsu a leda, a tashi ba a kai kansu ba. Da layi ya zo kaina ta karɓi takardun, ta ce, "Anti, ba zan yi miki ƙarya ba, ni aikawa kawai nake yi. Masu duba na mamata a babban birni suke, sun ragu, ba a ɗauki wasu ba." Na tambaye ta to tarar fa, za a tsayar da ita? Ta yi wata irin dariya mara daɗi ta ce na'ura ce ke lissafa tara, ita kaɗai ce a ma'aikatar ba ta jiran albashi.

Na koma har na daina ƙirgawa. Na buga wayar babban birni, kiɗa ake sa mini har kuɗin wayata ya ƙare. Na ce a faɗa mini nawa ne in biya ko da zan sayar da awarwarona, an ce sai an duba. Kuma sai da takardar wanke haraji lauya zai ƙarasa maganar gado, motar ta fita daga sunan mamaci. Kafin nan ba halin ta fita aiki, tana nan a bayan gida, ciyawa ta kai rabin taya.

Yanzu kaka ta matso. Feroz shi ne direban motar tun asali, yaransa huɗu, tun rasuwar yake aikin yini a gonakin mutane. Ya ce a wurin zaman shan yangona, jiƙon saiwar da maza ke taruwa su sha ana hira, an haɗa shi da wani tsohon ma'aikacin haraji da ake kira Masta, wanda zai sa a ɗauko fayil ɗinmu daga ƙasa a ɗora a sama idan an ba shi wani abu. Na ce ba na so. Ya ce, "Bhabhi matar yayana, ke kina da ɗa can ƙasar waje a Auckland yana turo miki kuɗi, ni tsoron Allahnki zan dafa wa yara?" Bai taɓa yi mini magana haka ba. Matarsa ta daina aiko mini da gurasar roti ranar Juma'a. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ya ce ni ce nake riƙe da yayansa a kabari saboda taurin kaina.

Apa, ko gaskiya ya faɗa? In na ba Masta, na sauke bashin mijina da haram, kuma fayil ɗin wani bawan Allah da ya fi ni daɗewa zai koma ƙasa. In na ƙi, Shamsher yana rataye, yaran Feroz suna yunwa. Ina sallah hankalina na kan benci a ofishin nan. Ki gafarce ni na cika ki da surutu.

Mai jira, daga yankin rake

Wa alaikumus salam 'yar'uwata,

Allah Ya jiƙan Shamsher. Bari in fara da abin da ya fi ci miki rai. Ni ba malama ba ce, amma abin da na sani shi ne, mutumin da ya rayu yana biya, iyalinsa suka tsaya da kuɗi a hannu suna roƙon a karɓa, ba ɗaya yake da wanda ya ci ya gudu ba. Ki kai wa limaminku maganar yadda kika rubuto mini, ki ji daga bakinsa. Takabarki kuma ba laifi ba ce. Kada ki yarda a ɗora miki nauyin kujerun da gwamnati ta bari babu kowa.

Kada ki ba Masta ko sisi. Bayan haramcin, akwai haɗari: in abin ya tonu, sunanki ne a fayil, ba nasa ba. In kina so Feroz ya gane da kansa, ki ce ya tambayi mutumin ko zai ba da rasit.

Kuɗin da za a ba Masta, ki kai wa akanta mai rajista. Ya ɗauki harajin shekarun baya ya ƙiyasta na bara, ki biya wannan adadin da lambar harajin mijinki, ki adana shaida. Ba sai kin jira sun faɗi nawa ba kafin ki biya. In kin zarce, su ne za su riƙe miki bashi. Sannan akantan ya rubuta neman a yafe tarar, a haɗa da takardar rasuwa, a bayyana takabar a fili. Ki sa Salanieta ta buga hatimi a kwafinki. Kada ki huce a kanta, ita ma a cikin ramin take. Ki kai kwafi ofishin koke-koken jama'a, ki kai wa ɗan majalisarku, kuma in za ki iya ki tafi da biyu ko uku daga abokan zamanki na benci.

Shi kuwa Feroz, maganarsa ta yi muni amma yunwarsa gaskiya ce. Ki kira shi ku je wurin lauya tare, ku tambaya ko doka ta yarda motar ta yi aiki da sunan magada kafin a gama. Ki gaya wa ɗanki halin da yaran baffansa ke ciki, ya raba abin da yake turowa.

Ba zan ɓoye miki ba, za ki iya yin duk wannan kuma kakar bana ta wuce ku. Na ga irin wannan ya haura shekara biyu. Amma daga ranar da kika biya kika karɓi shaida, kin sauke abin da ke hannunki, saura jinkirin wasu ne. Ranar ki je gida ki yi wa mijinki addu'a irin ta wanda ba a bin sa komai.

Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya daidaita tsakaninki da Feroz.

Apa Nazmun