Tokar Filin Ƙwallo

Talata Mafara,
9 ga Oktoba, 1983.

Zuwa ga ɗana Sirajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Fadimatu da yaran. Allah ya tsare ku a wannan gari mai nisa na Fatakwal, ya ba ka abin da ka fita nema ta hanyar halal. Mu nan lafiya lau, sai godiya. An yanke gero, dawa ta kusa. Yayarka ta Bakura ta zo ta yi mini kwana huɗu, kuma ciwon gwiwata ya yi sauƙi. Kawunka Buba ya samu wuri a bakin kanal, magudanar ruwan dam, zai gwada alkama da rani, ko da yake har yau in aka ambaci tsohuwar fadamarsa da aikin dam ya cinye sai ya dubi ƙasa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Ɗanasabe, tsohon golanku. Bello, sakataren kulob ɗinku na Tauraro, ya ce ya aiko maka takarda yana neman ra'ayinka, ko a mayar da shi raga ko a kore shi. Ku bakwai kuka kafa kulob ɗin, shidan da ke gida sun rabu uku da uku, kai ne za ka raba gardama. Na san Bello tun yana yawo ba wando, ya iya tsara zance, kuma na tabbata rabin magana ya rubuta maka. Ga sauran rabin.

Ka tuna filin bayan makaranta, tun kafin aikin dam ya cika garin nan da baƙi da manyan motoci? Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, shi ya saro muku itacen dalbejiya kuka kafa raga, yana faɗa yana cewa aikin banza ne, amma ya ƙi tafiya sai da ya ga sun tsaya daidai. Ba ku da abin shata layi, sai mu matan unguwa muka riƙa tara muku tokar murhu mako guda. Ran Juma'a da hantsi Abdu ɗan Taibatu, wanda ke buga muku gefen hagu, zai bi gida gida da kwandonsa, ya tankaɗe tokar, ya ja igiya, ya zuba layi miƙaƙƙe kamar na littafin rubutu. Mu ba mu zuwa kallo, daga tsakar gida muke jin ihu, amma tokar nan ita ce tamu a cikin wasan. Taibatu takan ce tata ta fi fari, shi ya sa ƙwallo ke shiga ta ɓangarenta, ni kuwa in ce ai dole, wadda ke ƙona tuwo kullum ba ta rasa toka. Kwanakin nan sun yi daɗi, Sirajo. Gari ƙarami ne a lokacin, kowa ɗan kowa ne.

Sauran ka sani, amma zan maimaita don kada nisa ya sa abin ya yi maka sauƙi a rai. Ɗanasabe ya samu tuƙin tifa wurin wani ɗan kwangila mai kai yashi wurin aikin dam, ya koyo shaye-shaye a bariki. Ranar wata Talata da rana tsaka, a buge, ya banke Abdu da kekensa a hanyar Bakura. Bai tsaya ba. Ya waiga ya ga ko wane ne, mutumin da suka ci tuwo a akushi ɗaya, ya taka mota ya gudu. Sai 'yan kasuwa masu zuwa daga Garbadu suka ɗauki Abdu. Aka yanke ƙafar. Alƙali ya ɗaure Ɗanasabe shekara huɗu, ga shi ya fito watan jiya.

Abin da nake zaton Bello bai rubuta maka ba shi ne yadda 'yan kulob suka tarbe shi. Da kalangu suka je tasha. Suka ɗaga shi a kafaɗa suna yi masa kirari, wai bangon Mafara ya dawo, suka nufi fili ta gajeriyar hanya, wadda ka san ta ƙofar gidan Taibatu ta bi. Abdu na zaune a zaure da keken ɗinkinsa na hannu, don na ƙafa ya fi ƙarfinsa yanzu. Ya miƙa sandarsa ya saki asabari. Da na tambayi Bello, cewa ya yi wallahi sun manta. Na ce masa ai wannan mantuwar ita ce laifin.

Da Juma'a ta zagayo suka zo karɓar toka, na ce babu. Ba zan ɓoye maka ba, ni na fara, sauran gidaje suka bi. Yau mako uku fili ba layi. Sun gwada zana ƙasa da tsinke, ƙafa ta share kafin a yi nisa. Sun je wurin mai gashin burodi, ya ce su rufa masa asiri, yana son ya ci tuwon gidansa lafiya. Ga wasan kofi da Maradun ƙarshen wata, alƙalin wasa kuma ya ce ba zai busa usur a filin da ba layi ba. Shi ne Bello ya zo ya durƙusa, Inna kaza, Inna kaza, wai mutum ya gama zaman da hukuma ta yanka masa, Allah ma yana yafe wa bayinsa, kuma daga nan har Gusau babu gola kamarsa. Na ce masa wa'azin ya yi kyau, sai dai ƙarshensa ya tona shi, da Ɗanasabe ba ya kama ƙwallo da ba wanda ya tuna da rahamar Allah.

Ka saurare ni da kyau. Alƙali ya gama nasa, gaskiya ne, kuma ban ce a sake ɗaure kowa ba. Amma rigar gola ba haƙƙin kowa ba ce, girmamawa ce da gari ke yi wa mutum. Duk wanda ya sa ta, yara sunansa suke kira in suna buga ƙwallon tsumma a lungu. Me kuke so su koya? Cewa in kana da hannu mai kama ƙwallo, kana iya taka ɗan'uwanka ka wuce, a tarbe ka da kiɗa? Su kuma ukun da ke cewa a kore shi har abada, ba na tare da su. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ci tuwon sunan yaron nan, uwarsa ta rasu yana kurkuku, in kun rufe masa ƙofa bariki ce za ta buɗe masa tata.

Ga abin da nake so ka rubuta wa Bello. Bana Ɗanasabe ba zai sa riga ba, ko da Maradun za ta zura muku goma. Ya je gidan Taibatu da dattijo ɗaya, ba kiɗa ba rakiya, ya faɗa da bakinsa cewa ya ga Abdu kwance ya gudu, ya nemi gafara. Ya ɗauki aikin da ya raba Abdu da shi, ya bi gida gida karɓar toka, ya shata fili shekara guda, wasu su buga yana kallo. In shekara ta cika bai koma wa kwalba ba, a tambayi Abdu, abin da ya ce shi ke nan.

Kada ka ce tsohuwa ta faye tsanani, don shi mai laifin ya fi ku gane hanya. Shekaranjiya ya yi sallama a gidan nan shi kaɗai, ya rame, da sabon kwando a hannu, ya ce toka ya zo roƙo. Na ce masa ba daga gidana ake farawa ba, Abdu daga murhun uwarsa yake farawa. Ya tafi can ya tsaya a ƙofa tun hantsi har aka kira sallar Juma'a. Taibatu ba ta fito ba. Amma ita da kanta ta zo da la'asar ta gaya mini, tana share ido da bakin mayafi, cewa Abdu ya yi masa magana ta bayan asabari. Wai ya ce masa kwandon nan idonsa ya yi faɗi, kafin ya kai fili tokar ta zube, ko a nan ma gola bai san aiki ba. Ya ce tsohon kwandon na nan rataye a rumbu, amma ba zai sauko ba sai ya ji abin da kulob ya yanke.

To ka ji inda magana ta tsaya, a kan takardarka. In ka zaɓi kofi, ka sani ranar da ka zo gida kai za ka je ka yi wa Taibatu bayani, matar da ta goya ka duk shekarun da nake koyarwa.

Ka gaida Fadimatu, ka ce ta daina ba yaran nan alewa da yawa. Ka shafa mini kan Ummaru da Bilkisu. Kawunka Buba da yayarka da maigidanta Gidaɗo duk suna gaishe ka. Tokata ta cika tukunya biyu a bayan madafi, na rufe ta da faifai, ban zubar ba. Ka rubuto da wuri.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarka,
Baturiya Yakubu.