Ku Dawo Ku Ƙarasa Wanke Mini Haƙoran Sama

Zuwa ga Shugaban tawagar likitocin haƙori da suka sauka a garinmu bayan babbar sallah,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina fata kana lafiya, kai da ma'aikatanka da injinku, idan har yanzu yana raye. Ban san sunanka ba, don da kuka tafi har ƙyallen sanarwar da kuka rataya a ƙofa kun naɗe. Shi ya sa na rubuta a fili, ko wani zai kai maka.

Ni dillalin shanu ne a karar Tudun Wada. Tun ina saurayi sana'ata buɗe bakin saniya in faɗi shekarunta. Bakin da ban taɓa dubawa ba shi ne nawa, sai da maiɗakina Hajara ta fara juya fuska idan ina mata magana kusa, kuma aswakina ya riƙa fitowa da jini. Da aka yi shelar kun zo wankin haƙori kyauta, ita ta tura ni.

Na ɗaya. Na yi sammako, na bar ciniki a ranar kasuwa, na bi layi har bayan azahar. Wata likita mai kirki ta kwantar da ni, ta leƙa, ta yi salati. Ta ce abin da ke gindin haƙorana datti ne da ya daskare ya zama dutse, ba aswaki ba burushi da zai cire shi, kuma shi ke cin dasashi har haƙori ya fara girgiɗi. Ta sa wani ƙarfe mai kukan sauro ta kankare haƙoran ƙasa tas. Abin da ya fito, wallahi ko ƙanzon tukunyar gidan biki albarka. Tana ɗaga kai za ta koma sama, janareta ya yi tari ya mutu. Ta ce in kurkure baki in dawo gobe. Na dawo goben, na tarar da awaki a inda kuka kafa kujera.

Na biyu. Yanzu ƙasan bakina fari ne fat, samansa ja ne da goron shekara da shekaru. A kara an fasa duba shanu, ni ake dubawa. Ardo Buba, Bafulatanin da nake sayar wa dabbobi, ya riƙe haɓata a gaban jama'a ya ce na ƙasa maraƙi ne ɗan bana, na sama kuwa ya ga lokacin da ake gina madatsar ruwan Tiga. Har daga Kiru da Bebeji mutane ke zuwa da labarai na ban dariya, don kawai in buɗe baki. Na koma ciniki da murtuke fuska, masu saye suna zaton saniyar ce ke da aibi.

Na uku, kuma nan ne babu wasa. Ƙasan ya daina jini, wannan gaskiya ce, Allah ya saka wa likitar nan. Amma saman yana nan yana zuba, turmi ɗaya na dama ya fara motsi, nama sai da gefe guda nake ci. Sannan da dutsen ya fita sai 'yan ƙofofi suka bayyana tsakanin haƙoran ƙasa. Likitar ta gaya mini dama can suna nan, datti ne ya toshe su. To, ni kaɗai na ji wannan bayanin. A gari an yaɗa cewa injinku sassaƙe haƙori yake yi. Wana da ke Doguwa, wanda kumatunsa ke kumbura duk damina, ya rantse ba mai sa masa ƙarfe a baki, da ni yake kafa hujja.

Don haka ina roƙo. Ku dawo ku ƙarasa. Idan ba za ku dawo ba, ku faɗi inda kuke a Kano, zan hau mota in kawo muku ragowar bakin. In kun zo, ku taho da man janareta isasshe, ku fara da waɗanda kuka bari a rabi, don mu huɗu ne. Ku kuma sa mutum ɗaya ya tsaya a bakin kasuwa ya yi wa jama'a bayanin ƙofofin nan da Hausar da za su gane.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya tsare maka haƙoranka talatin da biyu. Allah kada ya haɗa ka da wanzamin da zai aske maka rabin kai ranar ɗaurin auren 'yarka, ya ce ka dawo gobe.

Wassalam.

Naka,
Sale Dillali,
Karar shanu, Tudun Wada.