Na Ji Gargaɗin Mai Jirgi, Na Yi Kamar Ban Ji Ba

Anti Melpo, don Allah ki taimake ni. Yau mako uku ke nan ina ɗauke da wani abu a zuciya, ya hana ni sakewa. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba.

Mijina Lambros ya rasu a watan Nuwamba, bayan shekara talatin da ɗaya muna tare. Gyaran injin jirgin ruwa yake yi a nan Piraeus. Tun ranar ban cire baƙaƙen kaya ba, kuma kowace yamma sai na je na kunna fitilar mai a kabarinsa. A watan Agusta ƙanwata Argiro ta matsa mini in zo wurinta a tsibirin Naxos in huta mako ɗaya, wai na rame na koma kamar tsintsiya. Na yarda, da sharaɗin in dawo gida a babban jirgin safiyar Asabar, in dafa alkamar sadaka da hannuna, don ranar Lahadi ce addu'ar cikarsa wata tara a coci. Yayarsa, Yaya Froso, ta karɓi kunna fitilar.

Ranar Juma'a muka shiga ƙaramin jirgi zuwa ɗan tsibirin Irakliya, da niyyar mu dawo da yamma. Ban ma so zuwa ba. Amma da muka kama hanyar ƙafa ta cikin duwatsu, awaki na binmu, sai na ji numfashina ya buɗe. Wata tsohuwa ta cika mini hannu da ɓaure, ba ta yi mini gaisuwar mutuwa ba, tunda ba ta san ni ba. Na ci soyayyen kifi har na suɗe yatsu. Na sa ƙafa a ruwa, daga nan sai ga ni ciki har wuya, da baƙar rigata. Ni fa da Lambros ya saba yi wa tsiya yana cewa kyanwa ma ta fi ni son ruwa. Na yi dariya, Anti, irin wadda na manta ina da ita.

Da rana Argiro ta tafi sayen zuma, ni kuma ina shan rana a bakin tasha. Mai jirgin ya dube ni ya ce, "Uwa, iska na tasowa. Mai uzuri gobe ya shigo yanzu, ban yi alkawarin na yamma ba." Matar mai gyaran jirgi ce ni, na san abin da wannan magana ke nufi. Na tuna cocin, da layin masu riƙe mini hannu suna kallona da tausayi. Sai na kawar da kai. Da Argiro ta dawo ban ce mata komai ba.

Iskar ba ta kwanta ba sai yammacin Lahadi. Babban jirgi ya tafi ba ni. Yaya Froso, da ciwon gwiwarta, ita ta dafa alkamar, ta zuba rumman da sukari, ta tsaya a gurbina. Na ce wa kowa iska ce ta rutsa da mu ba shiri. Da wata maƙwabciya ta yi habaici, wai gwauruwar bana yawon shan iska take, Yaya Froso ta wanke ta tas a ƙofar coci, ta rantse da kabarin ƙaninta cewa da da hali ko da iyo ne da na zo. Har ta ajiye mini kasona. Yana nan a firiza, na kasa ci, na kasa zubarwa.

Saura wata biyu da 'yan kwanaki addu'ar shekara. In faɗa mata gaskiya, ko in tafi da abina kabari? Ita kaɗai ta rage mini a danginsa, ina tsoron in rasa ta.

Taki,
Mai Baƙar Riga, Piraeus

*

'Yar'uwata Mai Baƙar Riga,

Allah ya ji ƙan Lambros. Kin haɗa abu uku a kaya ɗaya, shi ya sa ya yi miki nauyi.

Kifin da wankan da dariyar, sauke su, ba laifi ba ne. Wata tara kina tsaye bakin kabari kowace yamma, jiki ya nemi hutu. Mutumin da ya shekara talatin yana tsokanarki a kan tsoron ruwa, ban ga yadda zai ji haushi don kin shiga ba.

Rashin zuwa addu'ar kuwa, ba zan ce miki ba komai ba ne, don ba za ki yarda ba. Kin ji gargaɗi, kin zaɓi zama. Amma ki duba abin da kika guda: idanun jama'a, ba mijinki ba. An yi masa addu'a, an ci alkamarsa, fitilarsa ba ta mutu ba.

Abin da ke cin ki shi ne Froso. Akwai masu cewa ki yi shiru, don wani lokaci faɗar gaskiya sauke kaya ne a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Da ƙaryar ta tsaya a bakinki, da na goyi bayansu. To amma baiwar Allah ta rantse da kabarin ƙaninta a kanki, kuma ke kin kasa haɗa ido da ita. A haka, shirun ne zai raba ku a hankali.

Ki same ta a gida ku biyu, cikin wannan mako, kada ki bari sai dab da addu'ar. Ki faɗa mata kamar yadda kika faɗa mini, har da dariyar, ba kare kai. In ta yi fushi, haƙƙinta ne, ki ba ta lokaci, ki ci gaba da gaishe ta. Ita ma makoki take, mai yiwuwa ta san wannan gajiyar fiye da yadda kike zato. Argiro ma ta cancanci ta ji. Maƙwabciya kuwa ba ta da kaso a ciki.

Alkamar shekara ke za ki dafa, ki roƙi Froso ta zo ta zauna kusa da ke ko da ɓare rumman ne. Ta firiza kuma ki fitar, ki watsa wa tsuntsaye a maƙabarta. Ta gama aikinta.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya bar ku tare. In baɗi kun shirya, ki kai ta Irakliya ta ga wurin da idonta. Sai dai in mai jirgi ya yi magana, ki amsa masa.

Anti Melpo