Kumfa a Fuskar Baba

Zuwa ga Yayana Hussaini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Raihana da Anwar, Ya kuma sauƙaƙa maka aiki a can Fatakwal. Mu nan Daura da sauƙi. Iya ta warware daga zazzaɓin da ta yi, Zubaida ta koma makaranta, geron gonar Sandamu ya shigo gida, ko da yake bai kai na bara ba. Ni har yanzu ba a kira mu bautar ƙasa ba, saboda haka ni nake jinyar Baba.

Yaya, ka tambaye ni abin da ya sa Baba yake rufe ido idan an kara masa waya a kunne in kai ne ka kira. Na kasa ba ka amsa da baki, shi ya sa na rubuto. Zan bambanta maka abin da na gani da idona da abin da aka gaya mini, don kada in ɗora wa kowa abin da bai yi ba.

Ka san ɓarin dama ne ya shanye, bakinsa ya karkace zuwa hagu, magana kuma ba ta fita. Amma yana fahimtar komai, likita ta tabbatar da haka. Ita ce ta ce a nemo wani abu da hannun daman ya saba yi, wanda kuma Baba yake so, a riƙa sa shi yana yi kullum, domin yatsun da aka bari ba motsi ƙagewa suke yi. Sai na tuna da burushinsa na aski, mai marikin katako. Ka san Baba ba ya haɗa kumfa a kofi, a fuska yake haɗa ta. Ya jiƙa kumatu da ruwan ɗumi, ya tsoma burushi ya yarfe, ya goga shi a kan sabulu, sannan ya ɗora a kumatu yana zagayawa. Da farko abin tsararo ne, sai ya ɗiga ruwa kaɗan ya ci gaba, har kumfar ta yi kauri ta tsaya ba ta zuba. Wannan zagayen shi ne ainihin motsin da ake so hannun ya koya. Da muka fara, ni nake riƙe hannunsa a cikin nawa. Daga baya na koma tallafe gwiwar hannun kawai. Ni nake yin askin da reza, kumfar dai tasa ce.

Ranar Juma'ar da aka ɗauki bidiyon nan da ka gani a gurup ɗin gida, ita ce rana ta farko da Baba ya rufe kumatu biyu da haɓa da kumfa ban taɓa shi ba. Ta ɗan shiga hanci da kunne, amma shi ya yi. Ya dube ni a madubi, na ga yana so in lura. Sai na tarar rezar ta dakushe, na fita shagon bakin layi in sayo wata. A ƙofa na gamu da Ikrima, ɗan Baffa Kalilu, da abokinsa, suka ce sun zo gaishe shi. Har daɗi na ji, na ce ba zai zauna shi kaɗai ba.

Abin da ya biyo baya ban gani ba, daga bidiyon da bakin Zubaida na haɗa shi. Ikrima ya karɓe burushin, ya ƙara masa kumfa a gira da goshi da tsakar kai, ya karkace masa hula, yana ce masa ya gai da 'yan uwa, ango ya sha kwalliya. Idan ka sake kallo za ka ga abokin ya riƙe hannun Baba na hagu kamar suna gaisawa. Wannan ne hannunsa mai lafiya. Sabulu ya shiga idonsa, ba shi da abin gogewa. Karkacewar bakin ba murmushi ba ne, haka bakin yake tun ranar da ya faɗi. Sautin da ka ji kuma ba dariya ba ce. Na zauna da shi tun farkon ciwon nan, na san bambancinsu.

Sauran a gabana aka yi. Bayan La'asar Ikrima ya dawo da wayarsa, wai zai faranta wa Baba rai. Ya zauna kusa da shi yana karanto sunayen waɗanda suka sa alamar dariya, ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya bari, ya ce ni dai digiri ya sa mini tsoron komai. Baba bai motsa ba har aka zo kan sunanka, da abin da ka rubuta, cewa Alhamdu lillahi tsoho ya dawo da barkwancinsa. Nan ya ɗaga yatsa a ba shi wayar. Ya daɗe yana kallon hotonka da ke gefen rubutun, sannan ya ajiye ta a kife, ya juya bango.

Iya ta kai ƙara wurin Baffa Kalilu. Ya ce wasa ne, kuma mara lafiya yana son a sa shi nishaɗi. Iya ta ce wasa irin wannan tsakanin jika da kaka ake yin sa, Ikrima kuwa ɗa ne, ko hular Baba bai kamata ya taɓa ba. Baffa ya ce mata ba sa gane raha, ya tashi ya tafi masallaci.

Tun daga ranar Baba bai sake riƙe burushin ba. Idan na kawo ruwan ɗumi sai ya damƙe hannun a cikin riga. Yanzu Sha'aban wanzami ne yake zuwa ya kankare shi da ruwa zalla, Baba ido a rufe har a gama. Da Ikrima ya sake shigowa, Baba ya nuna burushin, ya nuna shi, ya yi alamar a ba shi. Ikrima ya yi godiya, ya ɗauka kyauta ce. Na ga burushin daga baya a zaurensu kusa da gwangwanin man takalmi, gashin ya yi baƙi ƙirin. Da muka koma asibiti likita ta buɗe tafin Baba, ta ce yatsu biyu sun fara lanƙwashewa, kuma idan suka ƙage ba lallai su sake buɗewa ba.

Yaya, ban ce ka yi da nufi ba, daga nesa kake kallo a ƙaramar waya. Amma kada ka aiko da sabon burushi, ba zai taɓa shi ba. Ka nemi hutu ka zo da kanka, ka durƙusa gabansa. Ba zan iya yi maka alkawarin zai buɗe ido ba, abin da na sani shi ne hannun ba zai jira ka har Sallah ba. Kafin nan kuma ina roƙon ka abu ɗaya. Ikrima ya ƙi goge bidiyon, kuma na duba yanzu kafin in naɗe takardar nan, alamar dariyar da ka sa tana nan a ƙarƙashinsa. Ka cire ta.

Iya tana gaishe ka, Zubaida ma haka. Ka gai da Anti Raihana, ka shafa mini kan Anwar. Na gaya wa Baba ina rubuta maka takarda, na tambaye shi ko in sa gaisuwarsa. Bai ba ni alama ba, shi ya sa ban sa ba.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya kawo ka lafiya.

Ƙaninka,
Zakiyyu